Maganin Kare a Hannun Batulu

Kowace safiya, da an idar da sallah gari ya yi haske, nakan ji taɓarya tana dukan siminti a gidan Zayyanu. Ba daka ake yi ba. Batulu ce, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗakinta tana dogara tsohuwar taɓarya, za ta kai wa kare magani. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a nan Bagudo, ta wajen rijiya kuwa katangar ba ta kai kafaɗata ba. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Daga ƙofar ɗakinta zuwa rumfar karen bai fi taku ashirin ba ga mai ƙafa. Batulu sai ta huta sau uku kafin ta kai. Takan tsaya ta rungume taɓaryar, ta cije leɓe, ta jira zafin ya sauka, sannan ta ja ɗaya ƙafar. A hannunta na hagu akwai lomar tuwo, a cikin lomar akwai ƙwaya.

Sunan karen Kwastan. Zayyanu ya sayo shi yana kwikwiyo daga wajen Kwatano, a shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin da kasuwa ta buɗe masa yana shigo da shinkafa da atamfa ta Lolo. Direbobi ne suka sa masa sunan, don ba buhun da zai shiga sito ko ya fita bai shinshina shi ba. Ƙaton baƙin kare ne irin na Turawa. Sai ga shi ya haura shekara goma sha biyu, furfura ta fito masa a baki, ƙafafun baya suka fara gazawa. In zai tashi sai ya yi ta kokawa da ƙasa.

Zayyanu da kansa ya lura. Wata rana zai fita da mota ya ga karen ya yunƙura sau biyu ya koma. Ya kashe motar, ya fito, ya tsuguna yana lallatsa masa cinya. Ranar bai je Lolo ba. Shagon Adeyemi ya nufa, Bayaraben nan mai sayar da magungunan dabbobi a kusa da tasha. Adeyemi ya ce tsufa ne ya cinye maiƙon gaɓoɓin, akwai wata ƙwaya da ake ba tsofaffin karnuka da kyanwoyi, wai gulukosamin, amma sai an yi saƙonta daga Kwatano. Kafin mako biyu farar roba ta iso, da hoton kare yana gudu a jikinta.

Kwastan ya ƙi sha. Zayyanu ya tura masa a baki, ya tofar. Aka sa a cikin nama, ya cinye naman ya bar ƙwayar a ƙasa. Sakinatu, matar gidan, ta ce ita ba ta kusantar kare, ba za ta yi ta sake alwala da wanke zane ba. Sai aka tuna Batulu ce ke zuba masa ɗumame tun zuwanta gidan. Ta ɗauki loma, ta tsoma a romon busasshen kifi, ta cusa ƙwayar a ciki, ta miƙa masa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya haɗiye. Daga ranar aikin ya zama nata, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba fashi.

Ba Zayyanu ne ya gaya mata haka ba. Sakinatu ya gaya wa, Sakinatu ta gaya mata. Zayyanu ɗan farinta ne, a wajenmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa komai. Batulu 'yar Kurgu ce, kuma ban san macen da ta riƙe wannan kunya kamarta ba. In za ta ambace shi sai ta ce uban Ni'ima, da sunan babbar 'yarsa da ke aure a Birnin Kebbi. Shekara takwas tana gidansa tun rasuwar mijinta, ban taɓa jin maganarsu ta wuce gaisuwa ba. Gaisuwar ma shi yana bakin ƙofa, ita ta juya fuska ga bango.

Gwiwoyinta sun riga na karen lalacewa da kamar shekara biyu. Sun kumbura sun yi kamar ƙoƙo, in ta lanƙwasa su kana jin ƙara daga inda kake zaune. Ta daina zuwa unguwa. Ta daina daddawar da take yi wadda har daga Lolo ake aikowa a saya. Sallah ta koma yi a zaune, ƙafa a miƙe. Duk wannan ta ɗauka, ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Abin da ya fi ƙarfinta masai ne.

Masan da take shiga yana can ƙarshen gida, an ɗaga shi saboda ruwan damina, sai an hau matakala uku, a ciki kuma sai an tsuguna. A ɗakin maigida akwai bayi na zamani mai kujera, amma uwa ba ta ratsa ɗakin barcin ɗanta na fari, kuma ba wanda ya ce mata ta ratsa.

Wata rana bayan azahar ina shanya a bakin rijiya, na ji ana kiran sunana a hankali ta bayan katanga. "Rahmatu. Rahmatu." Na zagaya na shiga. Na same ta a cikin masan. Ta tsuguna tun hantsi, ƙafa ta ƙi ɗaga ta. Taɓaryar ta faɗi can gefe inda hannunta bai kai ba. Sakinatu tana ɗaki, da ta ɗaga murya za ta ji, amma Batulu ta gwammace ta yini a wurin da surukarta ta gan ta a haka. Ni ma ba yarinya ba ce, da ƙyar na ɗago ta. Muka sauko matakalar nan tana rataye a wuyana.

Da na zaunar da ita a ɗaki na wanke mata ƙafafu, sai ta riƙe mini hannu.

"Kada ki hwaɗi ma kowa."

"Batulu, wanga abu ba na ɓoyo ba ne."

"Na roƙe ki da girman Allah."

Ban faɗi yadda na same ta ba. Amma na je wajen Sakinatu na ce a sa kafinta ya yi wa Inna kujera mai rami a ɗora a masai, a kuma rage mata matakalar. Sakinatu ba muguwar mace ba ce, ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba. Ita dai mace ce da ba ta son abin da zai tashe ta daga inda take zaune. Ta ce za ta gaya wa maigida. Bayan kwana huɗu na tambaye ta, ta ce maigida ya ce to. Bayan mako biyu na sake tambaya, ta ce kafintan ya tafi Kurgu aikin rufi.

A cikin makonnin nan ne Zayyanu ya kawo magini gidan. Da na ji ana fasa siminti na ce alhamdu lillahi, na leƙa ta katanga. Ashe dandamalin rumfar Kwastan ake fasawa. Adeyemi ya ce hawa da sauka na ƙara wa karen ciwo, saboda haka aka mayar masa da wurin gangare mai sulɓi. Zayyanu yana tsaye a kan magini yana nuna masa inda zai gyara. Batulu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Da na shigo da yamma ta yi dariya ta ce, "Kin ga Kwastan ya samu kwalta, ya riga Kurgu."

Na kawo mata fo daga gidana. Ta karɓa, amma ta ce ba za ta bari surukarta ta ɗauki ƙazantarta ba, ita kuma ba za ta iya ɗauka da taɓarya a hannu ba. Sai ya zama in na samu shigowa na zubar, in ban samu ba ta jira. Daga nan ta samo wa kanta dabara. Ta lura in ba ta ci da yawa ba, sai ta kwana biyu ba ta nemi masai ba. In ba ta sha ruwa ba, sai ta yini ba ta tashi ba. Tuwon da ake kawo mata sai ta ci loma uku, sauran ta ajiye wa kare. Kwanon ruwa kuwa sai ta jiƙa leɓe ta ture. Sakinatu ta ga kwano yana dawowa wayam, ta ce Inna tana cin abinci sosai. Da ta gane inda tuwon ke tafiya, ta ce Inna akwai wuyar sha'ani, an ba ta ta ba kare.

Kwastan ya fara murmurewa. Ko maganin ne, ko tuwon Batulu ne, ko duka biyun, Allah ne masani. Cikin wata biyu ya fara tashi ba tare da kokawa ba.

Maman Tobi, matar Adeyemi, ta shigo wata Juma'a neman daddawa. Kikelomo sunanta, ta fi shekara ashirin a Bagudo, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Ina ɗakin lokacin da ta shigo. Ta durƙusa ta gaida Batulu, idonta ya sauka a kan gwiwoyin nan. Ta tambayi wane magani Iya ke sha. Batulu ta nuna mata man zafi da na kawo da wani ƙullin sassaƙe. Maman Tobi ta ɗaga kai ta ga farar robar nan a kan taga, ta gane ta, don daga shagon mijinta ta fito.

Ta ce ai wannan maganin akwai na mutane, mahaifiyarta a can garinsu tana shan irinsa. Ba ta ce yana mayar da tsohuwa budurwa ba, amma wasu suna jin sauƙi, kuma ko ba shi ba, ƙafa irin wannan likita ya kamata ya gani, akwai allura, akwai abin da za a yi. Motar da ke kawo na kare ita za ta kawo na mutum.

"Iya, ki gaya wa ɗanki mana."

Batulu ta sunkuyar da kai tana murmushi, kamar an faɗi abin kunya a gaban yara.

"Maman Tobi, ke ba ki san mu ba har yanzu. Ni in buɗe baki in ce mishi mi?"

"Ki ce ƙafa na ciwo. Ke kika haife shi."

"Shi ya sa."

Maman Tobi ta dube ni, na kawar da kai. Ta ce cikin wasa mai ɗaci, to da ita ce ke riƙe da robar nan kullum, da ta san yadda za ta yi da kare su raba. Batulu ta girgiza kai. Ta ce na Kwastan ne, amana aka ba ta, kuma shi ma bawan Allah ne, ta san abin da yake ji in zai tashi. "In guda cikinmu ya samu sauƙi, ai an rage."

Maman Tobi ba ta iya haɗiye magana. Da Zayyanu ya je shagon yin saƙon roba ta biyu, ta tare shi a gaban mijinta da wasu Fulani masu sayen maganin shanu. Ta ce Alhaji, ka sa a haɗo da na Iya, ƙafarta ta fi ta kare lalacewa. Adeyemi ya yi ta yi mata ido, ba ta duba ba. Waɗanda ke wurin sun ce fuskar Zayyanu ta canza. Ya ce uwarsa ba ta shan maganin Bature, kuma ba ta taɓa ce masa tana ciwo ba, ya kuma tambayi Adeyemi ko yanzu matarsa ce ke duba marasa lafiya a gidajen mutane.

Ya dawo gida da zafinsa. Ina tsakar gidan ina tankaɗe wa Batulu garin kunu. Ya gaishe ni a tsaitsaye, ya kira Sakinatu, suka tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa. Batulu ta ja mayafi ta juya ga bango. Ya ɗaga murya yadda duk za mu ji.

"Sakinatu, tambayi Inna. Akwai abin da ke damunta cikin gidan nan?"

Sakinatu ta leƙa ta maimaita, ko da yake tsakaninsu bai fi taku uku ba. Ina kallon bayan Batulu, ina kallon yatsunta suna murza bakin tabarma.

"Ce mishi lahiya lau."

"Akwai abin da take so ba a yi mata ba?"

"Ce mishi Allah shi yi albarka."

Zayyanu ya juyo gare ni. "Gwaggo, kin dai ji da kunnenki." Ya gaya wa Sakinatu kada ya sake ganin matar Adeyemi a gidansa, ya wuce rumfar kare.

Ya san amsar da za ta ba shi tun kafin ya tambaya. A Kurgu aka goye shi, ya san ko wuta ke cin ƙafar uwarsa, in shi ya tambaya, lahiya lau za ta ce. Ba don ya sani ya yi tambayar ba. Shaida yake nema, kuma ni ya kafa.

Ban bar shi ba. Washegari na tare shi a ƙofar gida yana goge gilashin mota. Na ce Zayyanu, ni na ga ƙafar nan, kai ma kana ganinta kullum da safe. Ya saurare ni da ladabi, hannu a baya, don yaro ne mai ladabi a baki. Ya ce Gwaggo tsufa ba shi da magani. Na ce na Kwastan ya samu. Ya ce wannan daban, kare aiki yake yi, in ya kwanta ɓarayi za su kwashe sito, da siton kuma ake ciyar da kowa har Inna. Ya ce tsofaffinmu in ka fara kai su asibiti sai ka tayar musu da wani ciwon. Ya ce kuma in ya matsa mata ya keta kunyar da ke tsakaninsu, mutane za su ce bai san al'ada ba. Daga ƙarshe ya ce in an yi sallah, kaya suka lafa, zai kai ta Birnin Kebbi da kansa. Na ce Allah ya kai mu. Aka yi sallah, kaya ba su lafa ba.

Bazara ta shigo, irin zafin nan namu na bakin kogi da ko kadangare ke neman inuwa. A lokacin ne 'yata ta haihu a Lafagu, aka aiko in je in yi mata zaman jego. Ranar da zan tafi na cika wa Batulu randa, na sa mata moɗa a kusa, na ce ta yi wa Allah ta riƙa sha.

"Rahmatu, ruwan da na sha, da ƙahwata zan kai shi can."

Na ce Sakinatu za ta zubar mata da fo, na riga na roƙe ta, ta ce to. Batulu ta ce in gaida mai jego, in shafa mata kan jinjiri.

Kwana talatin da uku na yi a Lafagu. Ban cika arba'in ba, hankalina ya ƙi kwanciya. Na iso Bagudo da hantsi ranar kasuwar Lolo, ko kayana ban kwance ba na zagaya. Abin da ya fara tarbata Kwastan ne. Ya taho da sassarfa yana kaɗa wutsiya, gashinsa yana sheƙi. Sakinatu tana tsakar gida ana yi mata kitso. Ta ce Gwaggo sannu da hanya, kin ga yadda Kwastan ya warke, jiya har maigida ya kira abokansa suka ga yana bin mota. Na tambayi Inna. Ta ce tana ɗaki, kwanan nan barci take yawan yi, ko fita ba ta yi, karen ne ma yanzu ke zuwa ƙofarta da kansa karɓar magani. Na tambayi fo. Ta ce kullum in ta tambaya sai Inna ta ce babu komai a ciki.

Babu komai a cikinsa, gaskiya ta faɗa. Na same shi a bushe a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Randar da na cika ko rabinta ba a sha ba.

Batulu tana kwance a tabarma. Da ban san ɗakin ba da na ce wata aka kawo. Idanunta sun faɗa, leɓunanta sun tsage sun yi baƙi, na kama fatar hannunta na saki ta tsaya a tsaye. Gwiwoyin nan kaɗai suka rage da girmansu. Na ɗiga mata ruwa a baki, ta buɗe ido, ta daɗe tana dubana kafin ta gane ni. Ta tambayi jinjiri.

Ban san na iya ihu ba sai ranar. Aka aika Lolo aka kira Zayyanu, ya iso bayan la'asar. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, zai fara gaisuwa. Na ce shigo ka ɗauki uwarka. Ya shigo. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, jikinsa bai sake taɓa nata ba sai ranar. Ya sa hannu ya ɗaga ta da ƙarfin da ake ɗaga mutum, sai ya yi baya kamar zai faɗi, don ba nauyin da ya tarar. Ita kuwa da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ja mayafi ta rufe fuska.

A cikin mota kanta yana kan cinyata. Ta motsa baki, na kai kunne. Na zaci wasiyya ce, ko kuwa yau dai za ta ce ƙafa.

"Ki ce ma uban Ni'ima, ƙwayar Kwastan saura ukku. Kada ta yanke mishi."

Shi ke tuƙi, ya ji. Shekara takwas a gidansa, wannan ne saƙo ɗaya da ta taɓa aika masa.

A asibiti ma'aikaciyar ta nemi jijiya ta rasa, sai a ƙafa ta samu. Ta tambaya tun yaushe rabon tsohuwar nan da shan ruwa sosai. Ta sake tambaya wa ke zaune da ita. Sakinatu ta dubi Zayyanu, Zayyanu ya dubi ƙasa. Aka ɗaura mata ruwa leda bayan leda, likita ya ce ƙoda ta riga ta tsaya. Washegari ana kiran azahar Batulu ta cika.

Ni na yi mata wanka. Na wanke mata gwiwoyin nan a hankali, ko da yake na san sun daina ciwo. Ƙafar dama ta ƙi miƙewa, haka muka sa ta a likkafani.

Ranar uku Zayyanu ya shigo cikin gida gaida mata. Ya zo inda nake zaune a ƙofar ɗakinta ya durƙusa. Idonsa ya kumbura, kuma ba na ce kukan ƙarya yake yi ba. Ya ce Gwaggo ke shaida ce, na tambaye ta a gabanki. Ya ce da ta hwaɗa mani sau ɗaya, wallahi ko Kwatano ne da na kai ta. Mata suka fara cewa haƙuri, kwana ne ya ƙare, Inna ce da zurfin ciki. Ya sake cewa, da dai ta hwaɗa.

Karen yana kwance a gefenmu, ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofar. Na nuna shi.

"Zayyanu, shi wanga, ranar da ka kashe mota ka tsuguna gabanshi, mi ya hwaɗa maka?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Ya ce maka ƙahwa na ciwo?"

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a wurin.

Na ji daga baya wasu suna cewa al'ada ce ta kashe Batulu, wai kunyar ɗan fari ta zama abin yarwa. Ni ma na yi kunyar ɗan farina, kuma ba a haka muka gaje ta ba. Uwa ba ta roƙo, gaskiya ne. Amma ɗan ma ba ya jira a roƙe shi. Ido yake sawa. Ya ga zanenta ya tsufa, ya sayo ya ba ƙanwarta ta kai mata. Ya ga tana ɗingishi, ya aiko mai magani ba tare da ya ce daga gare shi ba ne. Don haka aka ɗora wa uwa shiru, saboda an ɗora wa ɗa gani. Zayyanu ya bar wa uwarsa nata kason ta riƙe har kabari, nasa kuma ya ajiye. Ba makaho ba ne. Daga cikin mota, ta gilashi, ya hango ƙafar kare.

Ni ma ban wanke kaina ba. Ta ce kada in faɗi yadda na same ta a masai, na rufa mata asiri, na yi ta zagaye-zagaye da maganar kujera da matakala. Da na tsaya a tsakar gidan nan na faɗi abin da na gani tun ranar, wataƙila da kunya ta sa an yi abin da tausayi bai sa ba.

Saƙonta ya isa. Sabuwar roba ta zo daga Kwatano kafin a yi addu'ar bakwai. Zayyanu da kansa ya ɗauki loma, ya tsoma a romon kifi, ya cusa ƙwayar, ya tsuguna a ƙofar ɗakin uwarsa ya miƙa. Ina kallo ta katanga. Kwastan ya shinshina hannun, ya juya kai ya dubi cikin ɗakin. Zayyanu ya sake gwadawa washegari, ya gwada rana ta uku, karen ya ƙi karɓa. Robar tana nan a kan taga, ƙwaya uku kawai aka taɓa.

Yanzu ƙafafun karen sun koma yadda suke. Ya bar rumfarsa da gangarenta, ya tare a ƙofar Batulu, kusa da inda taɓaryar ke jingine. Da safe in gari ya yi haske nakan tsaya a bakin rijiya da guga a hannu. Ba na jin komai sai ƙarar farcensa a kan siminti, yana ta ƙoƙarin tashi.